Jan Dutse a Gonar Baba

Mahaifina ya yi shari'a da kowa a kan gonarsa ta kwari. Ya yi da ƙanen babansa, ya yi da makiyaya, ya yi da wani ma'aikaci da ya zo da igiyar awo zai fitar da hanya ta tsakiyarta, kuma duk ya ga bayansu. Wanda ya gagare shi shi ne maƙwabcinsa na gona, wani zabgegen mutum da ake kira Gajere don tsokana. Tun kafin a haife ni suke jan iyaka. Iyakar kuwa wasu duwatsu ne a jere daga bakin rafi zuwa gindin wata tsamiya. Baba ya tura su da ƙafa wannan damina, Gajere ya dawo da su wata damina har da riba, in an yi magana kowa ya rantse gyara ya yi. Inna takan ce duwatsun nan sun fi jakin gidanmu yawo.

Sai yaƙi ya biyo ta kanmu, kuma bai daɗe ba. Sojoji suka sauka a kwarin saboda gadar da ke can ƙasa, suka yi 'yan kwanaki suna tone-tone, suka naɗe tantunansu suka yi gaba. Ba su ƙona gida ba, ba su taɓa ko akuya ba. Muka ce Allah raka taki gona. Ba a jima ba saniyar wani ta gangara kiwo, aka ji ƙara, aka ga ƙura ta tashi. Bayanta sai wani mai itace, shi ya rayu, amma ya baro ƙafa ɗaya a can. Daga nan aka kakkafa jajayen alluna masu hoton ƙoƙon kai, aka ce nakiyoyi ne a binne, kowa ya yi nesa.

Abin da har gobe yake ɗaure mini kai ke nan. Babu katanga, babu waya, babu soja ko ɗaya tsaye da bindiga. Gwamnatin da ta turo sojojin ta faɗi, wadda ta gaje ta ma ta bi ta, amma kwarin yana nan a hannun abin da ya riƙe shi. Shekara goma sha wani abu ba wanda ya sa fartanya. Baba, da ba ya barin bashin magana ya kwana, ya rasa wanda zai kai ƙara.

"Da mutum ne," yakan ce, "ai da na san gidansu."

Ya kama gadi a wani shagon siminti. In ya tashi da yamma ba ya zuwa gida sai ya biya ta bakin kwari, ya zauna a gindin allon nan yana noma da ido. Abin kallon ma ya kai. Mangwarorin da ya dasa suna iya gwiwa sun zama manyan itatuwa, 'ya'yansu su nuna su zube su ruɓe, ƙamshin ya taso har inda yake zaune. Ciyawa ta shanye tsawon mutum. Zabbin daji da zomaye da tsuntsayen da ba mu san sunansu ba suka yi gari, duk abin da nauyinsa bai kai na ɗan akuya ba ya gaji gonar ubana. Ban taɓa ganin ƙasa mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa jin tsoron wata ƙasa kamarta ba. Gajere ma yakan zo ya zauna can gefe. Sai ka gan su suna nuna cikin ciyawa da sanduna, suna musun inda duwatsun iyaka suke.

Ni ce auta. Lokacin da gonar ke hannunmu, ni ke bin Baba a baya ranar shuka, yana gaba yana sara da sungumi, ina zuba iri ina rufewa da diddige. Na girma na zama tela, ina da keke a wata rumfa a kasuwa, har ranar da fararen motoci suka iso aka ce masu kwance nakiya ne, suna neman mutanen gari da za a koya wa aikin. Shugabansu wani tsohon soja ne da ake kira Saje, mutum mai rowar magana. Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa.

"Kin taɓa farke ɗinkin da ya lalace ba ki yaga yadin ba?"

"Kullum."

"Gobe ki zo."

Inna ta ɗora hannu a ka ta yi ta kuka. Baba ya sunkuyar da kai, na ɗauka zai hana. Can ya ɗago ya ce, "Ta wane gefe za ku fara?"

Aikin nan, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Da farko wata mota mai sulke da dogon hannu ta aske ciyawar ba tare da ta taka wurin ba. Sannan mu mu shiga da rigar sulke da gilashin fuska, kowa da layinsa, a durƙushe. Akwai na'urar da ake shafa ƙasa da ita, muna kiranta 'yar gulma, don ba abin da ke ɓoye a ƙasa da ba za ta tona masa asiri ba. Ta ji ƙusa ta yi kuka, ta ji murfin kwalba ta yi kuka. Duk kukan da ta yi sai ka kwanta ka tona daga gefe da ɗan tsinke, a hankali, kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Yini guda sai ka ci wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba.

Tunda an aske ciyawar gaba ɗaya, ƙasar da aka gama da wadda ba a taɓa ba kamarsu ɗaya sak. Abin da ke raba su duwatsu ne da muke shafa wa fenti, rabi fari rabi ja. Farin yana kallon inda aka tsabtace, jan yana kallon inda mutuwa take. Saje ya tara mutanen gari ya yi musu bayani: ba a taɓa dutsen nan, ba a tsallake shi, ko hularka iska ta jefa can ta zama ta nakiya. Ba wanda ya kai Baba gyaɗa kai a taron.

Saje ya kuma faɗi abin da ya hana Baba sukuni. Da ruwan sama ya sauka za mu tattara mu koma wani yanki, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta yarda da wannan aiki. Abin da aka gama za a miƙa wa masu shi, saura kuma sai yadda hali ya yi. A ranar Baba ya sayo irin masara, ya sauko da sunguminsa daga saman ɗaki ya sake masa ƙota. Hannunsa ya fara rawa a lokacin, numfashinsa ma ba ya kai shi nesa.

"Ban san damina nawa ta rage mini ba, Auta," ya ce. "Bana sai na shuka a gonata, ko rami ɗaya ne."

Sai aka yi dace, ko rashinsa, layina ya tashi daga bakin rafi ya nufi tsamiya. Hagu da ni, ɓangaren Baba, an gama. Dama da ni, ɓangaren Gajere, ba a taɓa ba, jerin duwatsunmu ne a tsakani. Wata rana muna cin abinci Baba ya ture kwano ya ce, "Duwatsun nan naku sun shigo mini da kamu biyu."

"Haba Baba, ai ba iyaka ba ce. Alamar aiki ce."

"Ke yarinya ce. Duk dutsen da ya kwana a gona iyaka ne. Ku za ku tafi, dutse zai zauna. Nan da shekaru wa zai ce ba nan ba ce?"

Na yi dariya, Inna ma ta yi, aka ci gaba da cin abinci.

Ran da abin ya faru gari ya waye da hadari can nesa, kowa yana sauri a zuciyarsa. Na bi gefen duwatsu da kayana kamar kullum har ƙarshen layina, na durƙusa, na kunna 'yar gulma. Ban ma fara aiki ba, juya ta kawai na yi zan gyara zama, sai ta ƙwala kuka. Ba a gabana ba, a gefen gwiwata ta dama, cikin fari, inda ya kamata a ji shiru. Na ce wataƙila ƙusa ce ta faɗo daga kayan wani. Na sake shafawa, ta sake kuka, siririn kukan nan da muka sani. Sai na kai ido hagu, ba tare da na juya jiki ba. Can kamar kamu biyu daga inda nake, na ga ƙananan gurabe a jere a ƙasa, kowanne da ɗan ɓurɓushin fenti a bakinsa. Nan duwatsun suke jiya da na tashi aiki. Wani ya matsar da su, ni kuma na yi tafiya mai tsawo a kan ƙasar da ba hannun da ya taɓa dubawa.

Na lalubo usur da ke wuyana na busa.

In aka busa usur kowa yakan tsaya cak a inda yake. Kwarin ya yi tsit, har ina jin faɗuwar mangwaro can cikin itatuwa. Saje ya zo ya tsaya a kan tsohon layin, ya dubi guraben, ya dube ni. Muryarsa kamar mai tambayar farashin albasa.

"Kada ki motsa. Kada ki sauya gwiwa. In ƙuda ya sauka a hancinki, bar shi ya yi gida. Ina zuwa."

Kamu biyu ne tsakaninmu, amma sai da rana ta take kafin ya iso. Yana shafawa, yana tonawa, yana matsowa da faɗin tafin hannu. Gumi ya cika mini gilashi. Gwiwata ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Ina kallon ƙasar da ke gefena, ƙasa ce kawai, ja-ja, da 'yan tururuwa suna wucewa da kayansu hankali kwance. Su ba ruwansu, ba su kai nauyin da ake nema ba.

Sai na ji ihu daga bakin kwari, inda tsofaffi ke zama kallo.

"Ni ne! Wayyo Allah, ni ne na tura su! Auta! Ku sake ni!"

Muryar Baba ce. Daga baya aka ba ni labari cewa ya zabura zai shigo a guje, Gajere ya cafke shi ta ƙugu ya ɗaga shi sama, ƙafafunsa suna harbin iska. Abin da na ji da kunnena shi ne muryar Gajere, shi ma cikin kuka.

"Tsohon banza! Kullum da yamma kana turawa da ƙotar sungumi, kullum da sassafe ina jawo su da ƙugiya! Yau bayana ne ya riƙe, na kasa tashi da wuri!"

Ashe haka ake ciki. Kwana da kwanaki tsofaffin nan suna tsaye a ɓangaren fari bayan mun tashi, ɗaya ya tura, ɗaya ya jawo, kowa yana gyaran iyaka. Ba wanda nakiya ta faɗo wa a rai, kowa maƙwabcinsa yake gani. Rigimar da ta girme ni ita ke mayar da duwatsun wurinsu kafin in iso kowace safiya. Ina durƙushe kusa da ajalina, wallahi sai na ji dariya tana taso mini daga ciki.

"Ko dariya ban yarda ba," in ji Saje, bai ko ɗago kai ba.

Da ya iso ya nuna mini inda zan sa ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, har na fita. Ya koma shi kaɗai ya buɗe gefen nakiyar, ya ɗauki hotonta da waya, ya hauro inda tsofaffin suke. Na ɗauka zai yi musu wankin babban bargo. Sai kawai ya miƙa wa Baba wayar.

Na leƙa ta kafaɗarsa. Na sha ganin irinta, amma ranar ce na fara kallonta sosai. Ba ta fi gwangwanin man goge takalmi ba. Koriya ce, ta roba, sumul, ko ƙwarzane babu, kamar jiya aka sauke ta daga kanti. A gefenta akwai ƙananan rubutu cikin harshen da ba wanda ya iya a cikinmu. Wani ne ya ƙera ta a wata masana'anta can wata duniya, ya tashi aiki ya tafi gida ya ci abinci da 'ya'yansa, bai san akwai wani kwari mai tsamiya ba. Wanda ya binne ta wataƙila ya tsufa, wataƙila ya mutu. Ita kuwa tana nan inda aka ce ta tsaya, ruwa ya bi ta kanta, rana ta bi, ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta manta abin da aka aiko ta ba.

Baba ya daɗe yana kallo.

"Wannan ce?" ya ce a hankali. "Wannan 'yar abar ce ta ci gonata?"

"Ita da 'yan uwanta," in ji Saje.

"Ko kunne ba ta da shi," in ji Baba. Ya mayar da wayar da hannu biyu.

Da azahar aka janye kowa nesa aka tayar da ita a inda take. Ƙarar ba a kunne na ji ta ba, a ƙirji. Ƙasa ta tashi sama ta tsaya kamar bishiya, sannan ta zubo. Tsuntsayen kwarin gaba ɗaya suka tashi lokaci guda har suka rufe rana, suka yi ta kewayawa ba su san inda za su sauka ba. Gajere ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Tunda ba wanda zai iya rantsewa a kan ko dutse ɗaya, sai da muka sake duba layin tun daga bakin rafi. Kwanakin da ba mu da su suka tafi, hadari yana ƙara matsowa. Hukuncin da Saje ya yanke wa tsofaffin shi ne ya ba su gadin duwatsun, su biyu tare. Tunda aka fara gadi a duniya ba a taɓa yin irin wannan ba, don kowa ya zuba wa ɗan uwansa ido ko ƙiftawa babu. A gida kuwa Baba ya daina haɗa ido da ni. Kullum na dawo zan tarar da shi a ƙofa, ba fuskata yake kallo ba, ƙafafuna. Sai ya gan su biyu sannan ya shige ciki. Abin ya fi mini duk wani ban haƙuri ciwo.

Allah ya taimaka, mun kai gindin tsamiya ta ɓangarorin biyu kafin ruwa. Ya sauka da asuba, washegari aka miƙa ƙasa. Masu wannan aiki suna da ƙa'ida: ba a ce wa mutum ga gonarka da baki. Sai duk ma'aikata sun tuɓe sulke sun jeru sun taka wurin daga wannan baki zuwa wancan a gaban masu shi. Muka jeru, Saje a tsakiya, muka taka, muka dawo muna buga ƙafa da gangan. Aka kwashe duwatsun fenti aka zuba a mota. Mutane suka ɓarke a guje suka shiga, mata suna guɗa, wasu suna dumbuzar ƙasa suna shinshinawa. Gajere, da ciwon bayansa, ya zube yana birgima kamar jaki.

Na waiga ban ga Baba ba. Yana can baki inda allon yake a da, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu. Ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Ya sake ɗagawa, ya mayar. Mutumin da ya yi shekara goma sha wani abu yana jiran wannan rana ya kasa taku ɗaya. Mun tone nakiyoyin daga ƙasa, amma wadda ta shige masa ƙafa ba na'urar da ke jin ta.

"Kai tsoho!" Gajere ya ƙwala masa kira. "Zo mu sa iyaka mana, ko ka bar mini ne?"

"Sa ta inda ka ga dama," in ji Baba.

Gajere ya daina dariya. Ina jin tunda yake bai taɓa jin maganar da ta tsorata shi kamar wannan ba.

Na je na tsaya gaban Baba, na cire takalmana na ajiye. Na sa hannu na ɗauke sungumin daga kafaɗarsa, bai hana ba. Na shiga taku ɗaya, jiƙaƙƙiyar ƙasar ta karɓi sawuna ta riƙe. Na ɗaga sungumin.

"Auta!" ya ce, da muryar ranar nan da na busa usur.

Na sara. Ƙasa ta buɗe baki, ƙamshinta ya taso, ba abin da ya biyo baya. Na ƙara taku na sake sara. Ban waiga ba. Sai da na yi nisa kaɗan na ji ƙarar iri a cikin ƙwarya, sannan na ji numfashinsa a bayana. Na saci kallo. Yana ɗora ƙafarsa daidai cikin sawuna, ba ya kaucewa ko da yatsa, ya sunkuya ya zuba iri, ya rufe da diddige a hankali kamar mai tsoron tashin wani daga barci. Hawaye suna bin gemunsa, nawa ma suna zuba. Haka muka yi ta tafiya, ni a gaba shi a baya, muna nufar tsamiya.

A hankali na ji diddigensa ya fara sauka da ƙarfi. Na ji ya yi tsaki a kan wani rami da bai yi zurfi ba. Muna dab da tsamiya sai ya matso kusa da kunnena, ya yi ƙasa da murya.

"Auta. Ɗan karkata dama kaɗan."

Na karkata.

"Na gan ku!" Gajere ya kurma ihu daga can, yana tahowa dafe da baya. "Wallahi na gan ku!"